Jegon Autar Iyatu

Duk Unguwar Rogo in ana maganar jego, to sai a sara wa Iyatu. Mace ce gajera mai amon murya, mijinta Maigandi mahauci, don haka ƙauri da ƙashin miya ba sa yankewa a gidanta. Ita ke hura wutar wanka, ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa wa mai jego har sai ta yi salati. Kunun kanwarta kuwa, ludayi tsayawa yake a ciki. Abin da ke faranta mata rai ɗaya ne, ranar komawa ɗaki a ga mai jego ta yi ɓul-ɓul, a ce wannan hannun Iyatu ne.

To bara sai ga autarta Nabila ta zo wankan gida da ɗan fari. Ai fa Iyatu ta zage damtse! Kunu safe, kunu rana, kanwa har da ƙari. Kan ka ce kwabo yarinya ta cika fam, ƙafa ta ƙi shiga takalmi, fuska ta yi suntum. In ta ce numfashinta na yin sama, ko ba ta iya barci sai a jingine, Iyatu ta kwashe da dariya ta ce ƙiba ce ba ta saba ba. Har maƙwabta take kira su zo kallo.

Wata Asabar aka ce wata nas mai suna Bahijja za ta yi wa mata bayanin kula da mai jego a Islamiyyar unguwa. Iyatu ta yafa gyale ta tafi. Allah na gani ba koyo ya kai ta ba, so take ta ji abin da yarinyar da aka haifa jiya za ta faɗa kan aikin da ita ta gada kaka da kakanni. Ta zauna gaba-gaba tana taɓe baki.

Bahijja ba ta yi dogon Turanci ba. Ta ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, in ta yi yawa sai ta tara ruwa a jiki, zuciya ta gaji. Sai ta janye safa, ta danna ƙwaurinta da babban yatsa, ta ɗaga.

"Kun gani, nama ya taso. In ko kunka danna rami ya tsaya, kuma mai jego tana haki, wannan ruwa ne. Kada a kwana da ita gida."

Iyatu ta miƙe zumbur.

"Malama, wadda ke barci zaune hwa?"

"Inna, wa ke barci zaune?"

Ina! Iyatu ta riga ta kai ƙofa, takalmi a hannu. Ta iske Nabila jingine da bango tana ba da nono. Ta durƙusa ta danna ƙafar, yatsa ya nutse kamar a tuwo, ta ɗaga, rami ya ƙi tashi. Ta kwatsa salati da sai da awaki suka watse. Tana juyowa ga Bahijja a bayanta tana haki, ashe biyo ta ta yi, har ta tsai da keke napep a bakin lungu.

A asibiti aka ce zuciyar ta galabaita, amma an zo da sauran lokaci. Aka kwantar da Nabila, aka ba ta magani, ƙibar nan da aka yi ta kuri da ita ta zube tas.

Tun daga nan Iyatu ta zama jelar Bahijja. Gidan suna, gidan biki, duk inda za a yi bayani tana gaba, ita ce mai tsawata wa tsofaffi. Kunu tana damawa har gobe, amma na tsamiya, ruwan wanka kuma sai gwiwar hannu ta jure shi. Masu jego kuwa in sun hango ta sai su miƙo ƙafa suna dariya, sun san ba makawa sai ta danna.

Ranar da aka mai da Nabila ɗakinta a Ƙofar Taramniya, uwar mijin ta dube ta sama da ƙasa, ta riƙe haɓa.

"Iyatu, wanga shi ne jegon naki? Ɗiya kamar sillen kara?"

Iyatu ta ajiye ƙullin kaya, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, hawaye na bin kumatunta.

"Awo, shi ne! Ramammiya na kawo muku, kuma da ƙafarta ta shigo. Saura ƙiris in kawo muku jinjiri shi kaɗai."