Motar da Za Ta Zo Ɗaukar Tukunya

Ƙyallen na fara gani kafin na ga mai shi. Ɗan siririn yankin atamfa ne kore, an ɗaure shi a mariƙin wata ƙaramar tukunyar gas mai ruwan bula, a cikin jerin tukwanen da ke jiran a cika su a shagon wani dattijo Bayarabe, bayan layin dogo a Agege. Sauran tukwanen duk an rubuta musu suna da fenti ko an ƙwarzane su da ƙusa. Ita kaɗai ce aka yi wa ɗauri kamar na amarya. Na tsaya ina kallonsa har na manta abin da ya kawo ni.

Abin da ya kawo ni kuwa hannuwana ne. A lokacin ina aiki a wani ɗakin ƙanƙara a Isolo, inda ake ajiye daskararren kifin da ake kawowa daga tashar jiragen ruwa. Tun safe muke shiga da katan-katan muna fita da su, ƙanƙara na cin yatsunmu ta cikin safar hannu. Mutanen gida ba sa yarda in na ce musu ina jin sanyi a Legas. Amma da damina, in na sauko daga motar haya ta danfo a jiƙe na shiga ɗakina, yatsuna ba sa iya ɓalle maɓallin riga. Gawayi kuma mai gidan haya ya hana a hura a ɗaki. Wani abokin aiki ya ce in sayi 'yar tukunyar gas mai murhu a kanta, in dafa shayi, in kuma ji ɗumi.

Dattijon, wanda kowa ke kira Baba, ya jero min tukwane uku, na kai hannu ga wadda ta fi sheƙi.

"Malam, kar ka ɗauki wannan."

Na waiwaya. Wata ce sanye da hijabi ruwan toka, tana riƙe da lema a naɗe. Hausarta irin ta haifaffun Legas ce, mai sauri, ƙarshen kowace magana yana ɗan tashi sama.

"Fenti ne kawai. Kifa ta ka ga gindin."

Na kifa. Tsatsa ta cinye ƙasan, an bi da fenti an rufe. Baba ya yi wata magana da Yarabanci, ta mayar masa, suka yi dariya tare. Sai ta durƙusa ta jawo wata ja, marar kyan gani, ta ƙwanƙwasa cikinta da zobe, ta nuna min inda aka buga shekarar ƙira a jikin mariƙi. Ta sa Baba ya kawo ruwan sabulu ya shafa a bakin tukunyar bayan an cika.

"In ka ga kumfa na tashi, tana yoyo. Ba ta tashi ba, ka gani? Wannan za ta daɗe. Kuma kar ka yarda a yi maka musanya, a karɓi taka a ba ka wata cikakkiya. Ka tsaya a cika taka a gabanka, a kan sikeli. In za ka kunna a ɗaki, ka bar taga a buɗe."

Na ce na gode, Malama. Ta kalli hannuwana, duk sun tsattsage, ta ce, "Aikin kifi?" Na ce e. Ta ce, "Sannu." Shi ke nan abin da ya shiga tsakaninmu a ranar. Ta juya ga Baba, ta nuna tukunya mai koren ƙyalle, ta ce, "Oko mi a wa gbe e," ta buɗe lemarta ta nufi kasuwa.

Yarabancina na tasha ne. A bakin kwandastoci na tsince shi, kuma a can kullum ina jin "oko ti kun," wato mota ta cika. Na san "wa" zuwa ne, "gbe" ɗauka. Na haɗa da kaina: motata za ta zo ta ɗauka.

Motata! Ya kamata in faɗi irin mutumin da nake a lokacin. Abin da na zo da shi Legas bayan kaya kala biyu shi ne buhun littattafan soyayya, waɗanda na karanta har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. A cikinsu kullum akwai mota. Takan tsaya a gefen titi, gilashi ya sauka a hankali, 'yar attajiri ta leƙo ta ga talaka mai kyan hali, daga nan labari ya tashi. Don haka da na ji wannan kalma sai komai ya zauna daidai. 'Yar wani Alhajin Agege ce, mai shanu a mayanka ko mai canji. Zuwanta cika gas da ƙafa, tawali'u ne. Takalminta na roba, shi ma tawali'u ne.

Na kai jar tukunyata ɗaki na ajiye ta kusa da katifa. Ɗakin ba shi da komai sai buhun littattafai da buta da ƙusar rataye riga. Maƙwabtana mutanen kirki ne, amma gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, kowa da harshensa da rediyonsa. In na dawo da yamma sai in tura taga, in murɗa makunni, in ƙyasta ashana, shuɗiyar wuta ta zagaye kan murhun tana wani ɗan huci. Sai in miƙa hannuwana a kai har jini ya dawo cikin yatsu da zafi kamar ana tsira musu allura. Wannan hucin shi ne muryar da na fi ji a ɗakin. Wani lokaci nakan yi masa magana.

Na gano ranar Lahadi bayan la'asar take zuwa, amma ba kowace Lahadi ba. Matsalar ita ce gas ɗina ba ya ƙarewa da wuri, mutum ɗaya da butar shayi ɗaya. Nakan ɗaga tukunyar in girgiza, in ji ruwan yana kaɗawa a ciki, in ji haushinsa. Sai na koma dafa wake, wanda ba na ma so, saboda yana shan wuta. Ina tafasa ruwan wanka har ya kusa ƙonewa. Duk da haka sau da yawa da saura nake kai ta.

Baba yakan ɗora ta a sikeli, ya kalli allurar, ya kalle ni.

"Aboki, wannan bai ƙare ba. Kai kana shan gas ne kamar koko?"

"Ƙara min dai, Baba. Kar ta yanke min."

"Ta yanke maka, ko?" Sai ya yi dariya ya jona tiyo.

In na yi sa'a tana nan. Takan ce, "Malam mai kifi, ya tukunyarmu?" Wannan "mu" ɗin nakan ɗauke shi in tafi da shi Isolo, ya yi min mako guda a cikin ƙanƙara. Ta koya min in zuba ruwan ɗumi a jikin tukunya in shafa, inda ya yi sanyi nan gas ya tsaya. Ta ce in canza robar baki in ta bushe. Ba ta taɓa yi min wata magana da ta wuce ta gas ba, kuma ban ga haka a lokacin ba. Kullum takan bar tata a wajen Baba da waccan jimlar, ta wuce kasuwa, ni kuma in saɓa tawa in tafi, ina jin sanyin sabon gas a kafaɗata.

Ina da kawu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Na je na same shi a kan buhuna na gaya masa na ga yarinya.

"'Yar wane ce?"

"Ban sani ba tukuna, Kawu. Amma suna da mota."

"Motar za ka aura? Je ka gano gidan, sannan ka zo mu sa hula."

Na yanke shawara zan jira motar, in gaida direba, in tambaye shi gidan su waye. Na sa farar shaddata ta sallah, na shafa man kaɗanya a hannu, na kai tukunyata wajen Baba. Ta zo, muka gaisa, ta tafi. Na zauna a bencin Baba na ce ina jiran ruwa ya tsagaita, alhali yayyafi ne kawai. Duk motar da ta rage gudu sai gabana ya faɗi. Wata baƙa mai duhun gilashi ta tsaya, na miƙe tsaye, ashe burodi za a saya.

Can sai ga wani mutum a ƙafa, gajere, kakkaura, wandonsa a naɗe saboda taɓo. Ya yi sallama, ya ba ni hannu, ya yi wa Baba wasa da Yarabanci. Sannan ya kama mariƙin tukunya mai koren ƙyalle, ya ɗora a kafaɗa ya juya.

Na ce, "Ɗan'uwa, ina motar?"

"Wace mota?"

"Wadda za ta zo ɗaukar tukunyar. Mai ita ta ce oko."

Baba ne ya fara ganewa. Ya saki tiyon hannunsa, ya dafa bango yana dariya har da tari. Da ya samu numfashi sai ya faɗi kalmar sau biyu, ɗaya muryarsa ta faɗi ƙasa a ƙarshe, ɗayar ta tafi a miƙe. "Wannan mota. Wannan miji. Aboki, ga motar nan a gabanka, ƙafa biyu!"

Mutumin ya yi murmushi, ba tare da wani zargi ba. "Yarabanci sai a hankali, ɗan'uwa. Ni ma da na zo na sha kunya. Kai ne mai kifin da take cewa ta zaɓa wa tukunya? Allah ya sa tana yi maka aiki."

Na ce tana yi. Ya tafi, koren ƙyallen yana lilo a bayan kunnensa.

Ni da na tashi ina bambanta kuka ta miya da kuka na yaro da murya kawai, ban taɓa tunanin wani harshe ma yana da irin wannan ba. Baba ya daina dariya da ya kalli shaddata. Ya ɗaga tukunyata da kansa ya ɗora min.

Na koma cika gas a wani shago can wajen Dopemu. Kawu ya tambaye ni sau ɗaya, na ce sun tashi daga unguwar. Wake kuwa ban sake dafawa ba, gas ya koma daɗewa kamar da.

Shekaru da yawa bayan haka na bar aikin kifi na koma taya Kawu a rumfa, na kama ɗaki a Ketu. Jar tukunyar ta biyo ni. Da ta ƙare, aka nuna min wani shago a bakin hanyar Ikorodu, aka ce na wata Hajiya ne, ba ta tauye sikeli. Ita ce. Ta yi jiki, ta sa tabarau, tana ba ma'aikata biyu umarni da harsuna uku. Na ji daga baya cewa mijin ya samu ciwon ƙafa ya bar aikinsa na dako, ita ta buɗe shagon take riƙe da gidan.

Ba ta kalli fuskata sosai ba. Ta kifa tukunyar, ta kankare gindin da farce, ta karanta mariƙin.

"Malam, wannan kwananta ya ƙare, ba zan cika maka ita ba. Amma ta yi ƙoƙari. Wa ya zaɓa maka?"

"Wata ce, a Agege."

"Ta san tukunya," in ji ta. Ta tura jar gefe cikin waɗanda za a kai wa masu gwangwan, ta durƙusa ta fara ƙwanƙwasa sababbin da zobenta.