Ranar da Saratu Ta Ajiye Biro

Har na bar aikin nan ba zan manta da wata Juma'a ta ƙarshen hunturu ba. Lokacin ina mataimakiyar lauya a wani ƙaramin ofis kusa da kotu, a tsakiyar birnin Greensboro, a Amurka.

Mista Bitrus da matarsa Anti Rahila, mutanen Jos mazauna garin Pleasant Garden, sun ɗauko Saratu daga Najeriya, 'yar yayar Rahila da ta rasu. Irin bizar da ta shigo da ita, sai kotun nan ta tabbatar da riƙon kafin ta zama 'yar ƙasa, kuma dole a gama kafin ta cika shekara sha takwas. Saura 'yan makonni. Ga shi doka ta ce yaron da ya yi wayo sai ya sa hannu da kansa cewa ya yarda.

Muka zauna, na karanta mata takardar da Hausa. Ta ɗauki biro, sai ta tsaya.

"Anti, sabuwar takardar haihuwar da za a ba ni, sunan wa za a rubuta a wurin uwa?"

Na ce, "Sunan Anti Rahila."

Ta ajiye biron. "To, ba zan sa ba."

Mista Bitrus ya miƙe. "Saratu, kin san abin da kike yi? In ranar nan ta wuce, shi ke nan fa!"

Lauyarmu ta ɗaga masa hannu, ta ce mini in gaya wa kowa: in aka matsa mata, sa hannun bai da amfani. Na fassara.

Rahila ta jawo kujera kusa da yarinyar. "Hannatu yayata ce tun kafin ta zama uwarki. Ita ta goya ni. Kina ganin zan yarda a goge ta? In ba ki so, tashi mu tafi gida. Da takarda ko babu, ke tawa ce."

Saratu ta daɗe tana kuka. Can ta ɗago.

"Za a iya sa sunanta a cikin nawa?"

Na juya wa lauya tambayar. Ta ce kotu na ba da damar zaɓen suna, tsohuwar takardarta ta Jos kuma tana nan a hannunta. Na koma kwamfuta na gyara. Saratu ta ɗauki biron, ta rubuta a hankali: Saratu Hannatu Bitrus. Da ƙafa na kai takardun wurin magatakardar kotu, kuma hukunci ya fito kafin ranar haihuwarta.

Ku da kuka fara aikin nan, za a koya muku tsoron wa'adi, kuma ya kamata ku ji tsoronsa. Amma tun daga ranar, ba na miƙa wa yaro biro sai na tambaye shi wa ya bari a gida.