Sunan da Iya Zinariya Ba Ta Faɗa

A unguwarsu da ke Taura, abu biyu aka san Iya Zinariya da su, daddawa da baki. Daddawarta tun daga zaure ake jin ƙamshinta, bakin kuwa har gida na uku. Ta haura saba'in, amma taɓa mata tukunyar kalwa ka ji yadda ake wanke mutum tas ba sabulu. Ta haifa wa marigayi Malam Yahuza, manomin gero, 'ya'ya tara, shida na raye. Awakinta bakwai, ba ta neman komai wurin kowa. In ta dama kokonta da safe ta miƙe ƙafa, cewa take ita kam Allah ya gama mata komai.

Sai dai duk kaifin bakin nan, akwai sunan da bai taɓa fitowa daga cikinsa ba, wato Maharazu, ɗanta na fari. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, hira kuwa ba a ma maganarta. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarsa ta wajen uba a wani ƙauye, can ya girma. Yanzu shekararsa hamsin da biyu, yana gyaran injin ban ruwa a Dutse, gidansa a Limawa, amma a bakin Iya har gobe "wancan na Dutse" ne. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a ƙofar ɗaki, sai ta juya wajen turke ta hau akuya da faɗa: "Ke Ja, ki gaya wa masu tukin babur kamar za su tashi sama su ji tsoron Allah!" Shi ke nan, saƙo ya isa.

Haka ake zaune lafiya har Marwa, 'yar Malam Maharazu, ta shiga jami'a a Kafin Hausa. Malamarsu ta ce kowane ɗalibi zai tsaya gaban aji minti biyar ya yi bayanin wata al'ada ta gidansu da yadda mutane ke isar wa juna magana da ita. Wasu suka ɗauki gaisuwar surukai, wasu kamun amarya. Marwa ta hawo mota ta sauka Taura.

"Tsohuwa, yau ke ce darasina," in ji ta, tana danna waya don ɗaukar murya.

"Ji min ja'ira! Boko ya ƙare sai ni?"

Amma ta ji daɗi, kar ma ta musa. Ta gyara ɗaurin kallabi ta yi bayani tiryan-tiryan, ta ce kunya ado ce, uwar da ke rungumar ɗan fari a gaban mutane a zamaninsu sai a yi da ita a bakin rijiya. Marwa ta yi juyin duniya kakarta ta faɗi sunan ko sau ɗaya, Iya ta rarumi muciya.

Bayan mako biyu Marwa ta dawo da labari. An tafa mata, an yi dariyar akuya. Sai dai wani ɗan ajinsu, Abdulrauf, ya ɗaga hannu ya ce shi bai ga ƙauna a nan ba, uwar da ba ta kiran ɗanta ai ta yar da shi ne. Malama ta ce Marwa ta nemo amsa, za a ƙara mata minti biyu.

"Ɗan wa ye shi? Mara kunya!" Iya ta yi tsaki. "Ubanki ya ji wannan shirme?"

Marwa ta ce, "Na gwada bayanin a gabansa kafin na je aji. Ya yi dariya. Daga baya ya ce, al'ada ce, ya sani. Amma shi dai ko da ya yi ƙyanda yana yaro har aka fid da rai, an ce ba ki zo ba."

Iya ta tashi ta nufi murhu. Rannan kalwa ta kama a tukunya, abin da ba ta taɓa yi mata ba. Maganar ɗan ajin ko a jikinta, amma wannan ta soke ta. Ashe shekara kusan hamsin yaron nan yana ɗauke da wannan a ransa, yana zuwa yana durƙusa mata da shi? Kuma ta yaya za ta gaya masa, ita da ba ta yi masa magana?

Da la'asar ta kira Marwa. "Kunna abin naki."

Ta kalli bango ta fara. "Shekararsa huɗu. Ina da tsohon ciki lokacin. Da labari ya zo na ce wa Malam zan je sayen kalwa, na taka da ƙafa har ƙauyen. Shiga ba dama, surukata na ciki, mata cike da gida. Na tsaya bayan danga ina jin tarinsa. In ya yi tari na ce alhamdu lillahi, da sauran rai. In ya yi shiru na ƙara kasa kunne. Kwana uku ina zuwa ina komowa, kullum da kwando ba kalwa, Malam bai taɓa tambayata ba. A rana ta uku na ji yana kuka a ba shi koko. Nan na zauna a ƙasa na yi nawa kukan, na taso." Ta share ido da bakin zane. "Ki kai wa mara kunyar ajinku. Ban ce ki kai wa wani ba."

Marwa jikar Iya ce, ta san irin wannan "ban ce ba". Ko tasha ba ta kai ba ta tura wa babanta muryar da ta ɗauka.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Malam Maharazu ya shigo ya durƙusa inda ya saba. Ya gaishe ta, ta amsa a gajarce tana kallon gefe. Ƙato da furfura a gemu, ya sunkuyar da kai yana ta murza hula a hannu.

Akwai mata a tsakar gida, ko wacce ta aika za ta kai masa fura. Iya ta tashi da kanta, ta dama, ta ɗauko ƙwaryar da hannu biyu, ta taka har gabansa ta ajiye. Ba ta kalle shi ba, bai kalle ta ba. Ya ɗauki ludayi ya fara sha.

Ta koma kan tabarmarta ta juya baya, ta ce, "A sha a hankali. Akwai saura."