Baturiyar da ta suma mini a Mina

A shekarar da nake aikin shara a tantunan alhazan Ingila na haɗu da ita. Tsohuwa ce, ta musulunta bayan ta yi ritaya. Wata Bakanuwa da ke zaune a London ce ke fassara mana hira. Ita ta gaya mini matar ta ƙare ƙuruciyarta a wasan kwaikwayon talabijin, irin mai dogon zangon nan, kullum tana fitowa a muguwar mai gidan haya. Wai har a kasuwa mata ke tare ta suna zagi.

Mai kula da tantunan ɗan ƙanena ne, haifaffen Makka. Ni na goya shi a unguwar Shisha, ni na wanke masa kashi. Da ya sami takarda da farar riga sai Hausa ta zame masa abin kunya. Ranar Sallah ya hango ni daga bakin tanti zaune ina shan shayi da tsohuwar, ya daka mini tsawa da Larabci a gaban baƙi, ya kira ni 'yar takari. Ya ce kafin la'asar in tattara in fita, in ba haka ba zai kira jawazat, masu kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama. Ni ba ni da iƙama, ya kuma sani. Wallahi da ba a Mina muke ba da na ci kwalarsa.

Tsohuwar ta tambayi abin da ya ce, aka fassara mata. Ta gyara mayafi, ta dube ni, ta sulale ƙasa.

Kai, ban taɓa ganin suma irin wannan ba! Ido ya juye, leɓe na karkarwa, ta damƙe hannuna gam. Mata suka ɗauki salati. Shi kuwa namiji ne, ba shi da ikon shiga tantin mata, sai zarya yake a bakin labule kamar kazar da za ta yi ƙwai. Duk wadda ta matso sai tsohuwar ta ƙara sandarewa, idan na shafa goshinta ta lafa. Da na gane dawar garin, sai na zare hannuna, na ɗauki jakata, na ce ai an sallame ni.

Ya tare ni a rana, gumi na zuba, yana tsoron baƙuwa ta mutu a hannunsa a kore shi. "Gwaggo, don girman Allah ki koma." Na ce a kira jawazat su riƙe ta. Sai da ya durƙusa a kan kwalta mai zafi sannan na juya.

Da ta farfaɗo ta nemi shayi, ta ce a gaya mini sau da yawa ta suma a talabijin, amma yau ne ta fi jin daɗinsa. Kafin ta tafi ta koya mini yadda ake kwaikwayon mutum: a fara da kafaɗarsa, murya ta biyo baya.

Na riƙe aikina, amma ban huce ba. Ranar da dangin matar da zai aura suka zo gidan uwarsa a Shisha, na miƙe a tsakiyar falo, na saki kafaɗa, na durƙusa, na yi musu shi tsaf. Surukarsa ta yi dariya har ta ƙware da gahawa. Uwarsa ta ce in ji tsoron Allah, na ce ina ji, shi ya sa ban ƙara ko kalma ɗaya ba.