Kaset Mai Koren Rubutu

Ni ne mai laifi. Na daɗe ina ba da labarin nan ta yadda zan fito da gaskiya, har wasu suka riƙa sa mini albarka a kansa. Yanzu zan faɗe shi yadda ya faru.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya kawo ni Ingila daga zangon Kumasi. Ya riga ni zuwa da shekaru masu yawa, ya yi aikin gyaran bas har ya yi ritaya. Yana zaune a unguwar Whalley Range, a cikin tsofaffin manyan gidajen nan da aka yanyanka aka mayar da su flat-flat. Nasa ɗaki biyu ne da falo. A ɗaya yake kwana, ɗayan kuma na kaset ne. Ni a falo nake kwana, kan doguwar kujera, ƙafafuna suna reto.

Kaset ɗin na matarsa ne, Baturiya, wadda ta rasu kafin in zo. Tun tana budurwa take bin wasu makaɗan jita 'yan Amurka masu dogon gashi, waɗanda ba sa hana kowa naɗar kiɗansu in suna wasa a gaban jama'a. Sai ta shiga da 'yar rikodarta da makirfo a kan sanda, ta naɗe wasan daga farko har ƙarshe. Masu irin wannan suna da yawa, kuma ƙa'idarsu ita ce ba a sayarwa, musaya ake yi. Ka aika wa mutum wasan garinku ta gidan waya, ya aiko maka da na garinsu. Da haka ta cika kanta huɗu, kowane kaset da sunan gari da kwanan wata a jikinsa.

Ni duk ɗaya nake jin su. Waƙa guda sai su yi rabin awa suna jan ta, jita tana yawo kamar ta ɓata hanya. Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan ai ita muka ji jiya."

"Kunnenka na kwano ne," in ji shi. "Jiya ta kasuwa suka bi, yau ta bakin rafi. Ba su taɓa kaɗa ta iri ɗaya sau biyu ba."

"To in sun san hanya, me ya hana su isa da wuri?"

Ya yi dariya har da tari. "Kai da ke share wa 'yan jami'a bene, ina kake saurin zuwa?"

Wasa yake yi, amma maganar ta tsaya mini. Shara nake yi a wani gidan ɗalibai a unguwar Ardwick, don karatuna bai yi nisa ba. Abin da ya fi tsaya mini kuwa shi ne hita, na'urar ɗumama ɗaki. Gidan yana da danshi, danshi kuma yana lalata kaset, saboda haka hitar ɗakin kaset ba ta mutuwa duk tsawon lokacin sanyi. Falo sai bargo biyu. Sau ɗaya na tambaya ko zan shimfiɗa katifa a ciki, ya ce numfashin mutum ma danshi ne. Ban sake tambaya ba. Shi ke dafa mana abinci, shi ya kai ni wurin GP, likitan unguwa, shi ya cika mini kowace takarda. Duk wannan ban riƙe ba. Hita na riƙe.

A shekarata ta uku ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya. Da aka sallame shi daga asibiti, 'yarsa, wadda take aikin nas a Birmingham, ta ɗauke shi zuwa gidanta a can, a unguwar Ladywood. Ta bar mini makulli, ta ce in kula da gida, kada in kashe hitar. Ranar da suka tafi na shigar da katifata ɗakin.

A masallacin da nake zuwa akwai dattawa 'yan tasi waɗanda tsofaffin motocinsu ke cin kaset har lokacin. Tafsirin wani malami guda ɗaya suke karɓa-karɓa, suna kukan an daina samun sabon kaset a kanti. Na ce ni ina da su jingim. Kaset yana da 'yan kunnuwa biyu a ka, in an ɓalle su ba ya ɗaukar sabon abu, kuma matar Kawu ta ɓalle na kowanne. Amma duk wanda ya tashi a zango ya san maganin wannan: ɗan guntun salatif a kan ramin, shi ke nan.

Akwai guda ɗaya da ba ya kan kanta. A durowar gefen gadon Kawu na same shi. Sauran da baƙar tawada aka rubuta su, shi da koriya, an sa Birmingham. Na saka na saurara. Kiɗan yana can nesa, amma kusa da makirfo akwai mace tana dariya. Ta ce wa wani da Turanci ya ɗaga ƙafarsa daga kan wayar makirfonta. Sai na ji muryar Kawu, siririya, ta saurayi, yana ba ta haƙuri. Ta ce ya yi shiru, sannan ita ta ci gaba da surutu. Can ta ce, "Na gaji, maigida," da Hausarta mai karkata, shi kuma ya fashe da dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Haka suka yi har ƙarshe.

Sau biyu na saurara. Na san abin da ke hannuna. Shi na fara liƙa wa salatif.

Da rikodar Kawu mai baki biyu, mai kwafa daga kaset zuwa kaset, na yi aikin. Na ɗora tafsiri a kan koren na mayar da shi durowa, sannan na bi kanta ta farko har na cinye ta. Ranar Juma'a na kai kwali guda na raba. Na ce kawuna ya tuba daga kiɗa. Aka yi ta shi mini albarka, ni kuma ina sunkuyar da kai ina cewa amin.

Bayan wata guda 'yarsa ta kira ni. Hausarta kaɗan ce, tana haɗawa da Turanci. "Yaya, mai koya masa magana ta ce music zai taimaka. Baba kullum yana cewa kore, kore. Yana cikin durowa. Please ka kawo."

Ina iya cewa ya ɓata. Ban ce ba. Ranar Asabar na sa shi a aljihu na hau bas zuwa Birmingham.

Gidanta a hawa na tara yake a wani dogon benen council, irin gidajen hayar hukuma. Kawu yana zaune kusa da taga da tawul a kafaɗa. Da ya ga koren rubutun, rabin fuskarsa mai motsi ya yi murmushi. Ya karɓa da hagu ya manna a ƙirji. 'Yarsa ta aro rikoda, za ta danna masa, ya ture hannunta. Shi da kansa ya danna.

Malam ya fara da salati.

Kawu ya tsayar, ya ciro kaset ɗin, ya duba rubutun, ya mayar. Malam. Ya juya ɗaya gefen. Malam. Da hannu ɗaya yake fama, kaset ya faɗi ƙasa sau biyu, ni ina tsaye ban ɗauko masa ba. A can ƙarshen gefe na biyu tafsirin ya riga kaset ƙarewa, sai aka ji tafin jama'a na ɗan lokaci, sannan ƙas. Ya mayar baya, ya kara kunnensa a jikin rikodar, ya sake jin tafin. Sau huɗu ya yi haka. Sannan babban yatsansa ya taɓa salatif ɗin, ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Lada na nema maka, Kawu. A halin da kake ciki, wanne ya fi maka amfani?" Na ƙara: "Ita ta riga ta tafi inda ta tafi. Kai ne da sauran dama."

Bakinsa ya yi ta motsi, yawu ya zubo kan tawul, kalma ba ta fito ba. 'Yarsa ta buɗe ƙofa ta ce, "Fita." Wannan da Hausa ta faɗa.

Daga baya ta nemi masu musayar ta intanet. Mutum uku suka aiko mata da wasan ranar, kyauta, kuma nasu ya fi fita tangaran. Ta rubuto mini cewa Baba ya saurari kowanne kaɗan ya girgiza kai. Ta kuma bayyana mini dalili. A wurin masu naɗa, abin kunya ne a yi magana kusa da makirfo. A ranar, mahaifiyarta ta ɓata nata da surutu, don haka ba ta taɓa kwafa wa kowa ba. Guda ɗaya ne a duniya. Na karanta saƙon ina kwance a ɗakin ɗumi, ban amsa ba. Kuma barcina nake yi lafiya lau.

Ta zo ta kwashe sauran kaset ɗin, aka mayar wa mai gida flat ɗinsa, na kama ɗaki a Ardwick. Shekara huɗu ina ba da labarin a matsayin abin kirki. Wata rana bayan La'asar na sake bayarwa, sai wani dattijo cikin 'yan tasin ya ce, "Tsaya. Ya ba ka izini?"

Na ce ba ya iya magana a lokacin.

"Ashe kayan sata ka raba mana ranar Juma'a," in ji shi. Washegari ya kawo nasa kaset ɗin ya ajiye mini a cikin takalmi. Duk da haka sai da na ƙara wata takwas ina kai-kawo kafin in kira 'yarsa.

Lokacin an mayar da Kawu gidan kula da tsofaffi a Birmingham. Ta ce minti goma za ta ba ni, kuma tana tsaye a bakin ƙofa. Ya rame ƙwarai. Maganarsa ta ɗan dawo, amma da na yi sallama bai yi amfani da ita ba. Na cire hula na durƙusa a gaban kujerarsa. A hanya na shirya dogon bayani, da sanyi da ƙuruciya da rashin sani. Da na ga idonsa na bar su duka.

Na ce, "Kawu, ba don Allah na yi ba, ƙarya na yi maka. Na saurara kafin in goge. Na ji ta, na ji ka, kuma da gangan na fara da shi, don in ƙona maka rai. Ka ciyar da ni, na zalunce ka a lokacin da ba ka iya ko tsawata mini. Ba ni da abin da zan mayar maka. Ka yafe mini, Kawu. In ba za ka iya ba, kana da gaskiya."