Sashe, Yayan Wushirya

Haihuwa da tasowa

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da Sashe a shekarar 1944, a wani garin da jirgin ƙasa ke tsayawa, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa mai gyaran agogo. Mahaifiyarsa ungozoma ce. A 1947 aka yi masa ƙane, wanda tun fitowar haƙoransa aka laƙaba masa Wushirya. Da suka tasa, uban ya raba musu aiki: babban a ƙuryar shago da gilashi a ido yana harhaɗa 'yan ƙarafa, ƙaramin a bakin kanta yana miƙa wa mutane kayansu. Saboda haka duk agogon da Sashe ya tayar, Wushirya ake yi wa godiya. Waɗanda suka san gidan sun tabbatar cewa daga wannan kantar komai ya faro.

Karatu da aiki

Ya shiga firamare a 1951, ya kammala karatun shari'a a 1969 da sakamakon da babu irinsa a ajinsu. Ranar da ya dawo da takardar shaidarsa, ya tarar gidan cike da mutane, sai dai murnar ƙwallon da Wushirya ya ci ake yi. Ya buɗe ofishin lauya a saman wani kantin magani, inda ya shahara da kare masu shaguna da masu gonaki daga hukuma. Aƙidarsa ita ce gwamnati ta tsaya inda kundin tsarin mulki ya tsayar da ita, kada ta ƙara ko taku. Ba ya gama magana sai ya ce "sashe na kaza", har a cinikin tumatir, daga nan ya samu laƙabinsa.

Aure da iyali

A 1972 ya auri wata malamar lissafi, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. An ruwaito cewa ya taɓa ƙaurace wa abincin gidansa don kawai yaran sun ce labarin Baffa Wushirya ya fi nasa daɗi.

Shiga siyasa

Shi da abokansa masu ra'ayin riƙau sun daɗe suna kallon zaɓe a matsayin kwata, mai farar riga ba ya raɓarta. A 1981 Wushirya ya tsaya takarar gwamnan lardi, ya yi wa kowa alkawarin komai, ya kuma ci. Bai yi wata a kujera ba ya fara rushe shaguna don fitar da babban titi, aka sa wa titin sunansa. Ta nan Sashe ke bi zuwa ofis kullum.

A shekarar ce ya sauya fatawa. Ya bi masu shaguna da tsofaffin malaman makaranta gida gida, yana gaya musu cewa wanda ya ƙi shiga rumfar zaɓe ya miƙa makullin shagonsa ga wanda ya shiga. Suka kafa jam'iyya. A 1986 aka zaɓe shi wakili a taron gyaran kundin lardin, inda ya rubuta sashe na arba'in da hannunsa: gwamna ba zai karɓe fili ba, ba zai ƙirƙiro haraji ba, ba zai sa wa ko lungu suna ko ya sauya shi ba, sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisa.

Kowa ya san wanda aka ɗinka wa rigar, kuma Sashe ya shirya tsaf don ƙanensa ya ƙi sa hannu a yi ta a kotu. Wushirya kuwa ya tara 'yan jarida, ya rattaba hannu yana dariya, ya ce, "Yaya, da ka faɗa mini a gida ai da ban ba ka wahalar taro ba." Kafin mako ya zagayo, gari ya raɗa wa sashen suna Dokar Wushirya, har yau kuma haka ɗalibai ke rubutawa a jarrabawa.

Mulkinsa

A 1994, bayan ya faɗi sau biyu, Sashe ya ci kujerar gwamna. Umarninsa na farko shi ne a sauya sunan babban titi. Sakataren gwamnati ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, sashe na arba'in." Majalisa ta ƙi. Ya nemi fili don gina gadar da za ta shafe titin a bakin mutane, majalisa ta sake ƙi.

A 1996 jam'iyyarsa ta sami rinjayen da zai iya soke sashen. Jigoginta suka same shi a ofis da daftarin gyaran, suka nuna masa cewa da hannu ɗaya zai samu titin da gadar, har da ƙarin wa'adi. Ya karanta har ƙarshe, ya tura musu takardar. Ya ce, "Wato a rubuta cewa ƙanena ya ɗaure kansa, ni na kwance? Ku kwashe abinku." Jaridu suka yabe shi da riƙon aƙida. Matarsa, da aka tambaye ta, cewa ta yi, "Aƙida kam akwai. Amma ku dai ba ku san shi da ƙanensa ba."

Ya sauka a 1998 bai gina gadar ba, bai kuma karɓe taƙin ƙasar kowa ba.

Ƙarshen rayuwa

Wushirya ya rasu a 2003. Sashe ya tsaya a sahun gaba a sallar jana'iza, ya yi kuka sosai, ko da yake a hanyar komawa ya tambayi direbansa ko yana ganin shi ma zai samu jama'a haka. Ya koma shagon mahaifinsu yana gyaran agogo a ƙurya, bai taɓa sa kowa a bakin kanta ba.

Allah ya karɓi ransa ranar Talata a watan Maris na 2011, bayan gajeriyar jinya. An bi da gawarsa ta titin Wushirya, domin babu wata hanyar zuwa maƙabarta, aka binne shi kusa da ƙanensa. Jama'ar ba ta gaza ta 2003 ba. Sanarwar gwamnati ta kira shi yayan mai dokar nan.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbarsu alƙaliya ce, mai bi mata likitan ido, na uku ya gaji shagon agogo, sai autan, ɗan majalisa, mai wushirya.