Kamannin Baba a bakin Inna

"Ku faɗa mini kamanninsa," in ji ɗan sandan da ke rubuta rahoton ɓatan Baba.

Tun safe Baba ya bar gidanmu a Daura bai dawo ba, ga shi mantuwa ta fara kama shi. Na ɗauka sai an kwana ake karɓar rahoto, ashe ba a jira.

Inna ta riga ni magana: "Dogo ne miƙaƙƙe, gemunsa baƙi ƙirin. Da sauri yake tafiya."

Na ce, "Haba Inna, Baba fa ya ranƙwafa, gemun duk furfura ne."

Ta dube ni ta ce, "Kai ka faɗi naka. Ni dai wanda na sani ke nan."

Ɗan sandan ya yi murmushi, ya rubuta duka biyun.

Da la'asar wani ɗan acaba da ya ji sanarwa ya gan shi a kasuwar Zango, zaune inda yake awon gyaɗa a da, yana cigiyar abokansa da suka daɗe da rasuwa. Alhamdu lillahi, yanzu yana gida lafiya.

Ku fa, in aka ce ku kwatanta mahaifinku, wane zamaninsa ke fara faɗo muku a rai?